Gurbin Vandi

Mahaifina Kwaji ya ƙi mutuwa har tsawon shekara goma, kuma ni ne sanadi. Ba magani na yi masa ba. Ni malamin makaranta ne, ko ganye ɗaya ban sani ba. Takarda na tsaya rubutawa.

A gidanmu, can kan dutse ta wajen Michika, ana binne maza a jere ne bisa ga yadda aka haife su. In wan mutum yana raye, sai a bar masa gurbinsa a wuce, ba damuwa. Amma in ya mutu a waje ba a kawo shi gida ba, to layi ya toshe. Ƙane ba ya shiga ya miƙe ƙafa alhali wansa yana yashe a ƙasar wasu, sai dai a kai shi bayan shinge inda ake sa baƙi. Su Baba su biyar ne. Tizhe da Zira da Tumba duk suna kwance a wurarensu. Gurbi na huɗu na Vandi ne, ciyawa ce kawai a kai. Baba shi ne na biyar, kuma ya rantse ba mai kai shi bayan shinge.

Inda Vandi yake ba ɓoyayyen wuri ba ne. Zamanin Jamus aka kwaso su, shi da Baba, suna samari, aka kawo su Mubi ɗaukar dutse. A mahaɗar kogin Yadzaram da wani ƙaramin mayo, wato rafi, ake gina bariki mai katanga da kafofin zura bindiga. Wata rana da damina katangar gabas ta zubo ta danne Vandi. Baba ya jefar da dutsen da ke kansa ya ruga, bai tsaya ba sai gida. Daga baya wani ɗan ƙauyenmu da ya cika wa'adinsa ya dawo ya faɗa masa cewa a ramin harsashin kusurwar gabas aka sa Vandi, aka sake ɗora gini a kai.

Baba ya yi shekara hamsin da wani abu bai sake taka Mubi ba. Sai a 1959, bayan rasuwar mahaifiyata, ya sauko ya zauna da ni da matata Miriyamu a unguwar Lokuwa. Kwana uku da zuwansa ya kira ni da yarenmu ya ce, "Andrawus, nemo mini diga biyu da maza biyu. Aikin safiya ɗaya ne."

Na ce mu fara zuwa mu ga wurin. Muka je. Rufin barikin ya daɗe da tafiya, amma katangun suna nan sun kai kafaɗar mutum, kusurwar gabas kuwa tana tsaye daram, kamar taku talatin daga bakin ruwa. A ƙofa akwai wani allon ƙarfe da aka rubuta da Turanci cewa an hana taɓa ko ɗauke wani abu daga wannan wuri, bisa umurnin hukuma. Na karanta wa Baba, na fassara masa, har ina ɗaga murya don ya san kuɗin makarantar da aka biya bai tafi a banza ba.

"Allon ya san Vandi?" in ji shi.

"Baba, zamani ya canja. Yanzu komai da izini ake yi. Ka bar mini, wata ɗaya ya isa."

Ya dube ni, ya dubi allon, ya ce to.

Na zauna na rubuta wasiƙa mai kyau, da sakin layi huɗu, na kai ofishin da aka ce nan ake kai irin wannan. Akawun wurin wani Ephraim ne, mutumin kirki, mun yi makaranta tare. Ya karanta ya ce Turancina ya yi, ya buɗe mini fayil sabo fil. Sai dai, in ji shi, ana shirin ƙuri'ar raba-gardama a watan gobe, ba mai sa hannu a kan komai sai an ga inda ƙasar ta dosa. Na ga maganarsa da hankali. Aka yi ƙuri'a, aka tambaye mu ko za mu shiga Nijeriya yanzu ko sai nan gaba a yanke, jama'a suka ce sai nan gaba. Da na koma wurin Ephraim ya buɗe hannuwa ya ce, "Malam, kai ma ka gani. Ƙasa duka ya ce sai nan gaba, ni wane ne zan ce yanzu?"

Tun daga ranar Baba ya samo gaisuwarsa ta safe. Ba ya tambaya ta yadda na kwana. Ina fitowa da littattafai a hammata sai in ji daga ƙarƙashin darbejiya, "Malam, takardarka ta haihu?" Kullum. Har ranar Lahadi, har ranar Kirsimeti.

Da ƙuri'a ta biyu ta matso a 1961, 'yan siyasa suka riƙa shiga gida gida. Masu son Nijeriya su zo su yi bayani, masu son Kamaru su biyo baya su yi nasu. Baba yana sauraron kowa har ƙarshe, ba ya katse mutum. In sun gama sai ya tambaye su da Hausarsa ta tsufa, "Akwati wanne ne zai bari ni tona wana?" Wani saurayi mai farar taguwa ya ce masa bayan 'yanci komai zai yi sauƙi. Baba ya ce ya ji, amma shi diga yake nema. Kunya ta kama ni a gaban baƙi, na ce, "Baba, maganar ƙasa ake yi." Ya ce shi ma maganar ƙasa yake yi, kuma tasa ba ta fi taku biyu ba.

Muka shiga Nijeriya, aka sake wa lardinmu suna, aka sauya hatimi, aka sauya kan takarda. Fayil ɗina ya ɓata wata bakwai, sannan aka same shi a ƙarƙashin tulun ruwan ofis, an mai da shi gammo. Daga ƙarshe amsa ta zo. Ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. An ce kafin a duba roƙona sai an san ko barikin kayan tarihi ne ko kango ne kawai, don haka mai roƙo ya rubuto cikakken tarihin wurin.

Ya kamata a nan in gane. Maimakon haka daɗi na ji, don an nemi in nuna abin da na iya.

Aka ce in nemi Bobboi, wani tsohon Bafulatani da rugarsa take tsallaken ƙaramin mayo tun kafin a haife ni. Baba ya ce sai ya bi ni, kada a rubuta ƙarya. Muka same shi a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Da ya ji abin da ya kawo mu ya ajiye igiyar ya gyara zama.

"Tica, rubuta," in ji Bobboi. "Kafin Jamus wurin nan namu ne. Kakana ya yi sansani a nan, ganuwa na ƙasa, ƙaya a kai. Duba da ido naka. Mayo a nan, mayo a can. Doki ba ya shigo ta biyu, sai ta ɗaya. Wanda ya zauna a tsakiya shi ya riƙe mashigi. Fatake duka sai ya tsaya ya gaishe shi."

"Tambaye shi wa kakansa yake fako daga nan," Baba ya ce mini da yarenmu. Bai jira na tambaya ba, ya juya ya faɗa da Hausa. "Mu ne. Daga nan doki yake tashi ya hau mana dutse."

"Ku ma kuna sauka ku kora shanu," in ji Bobboi.

"Shanu ya zo gona namu."

"Gona ya zo hanya na shanu."

Suka yi ta yi har rana ta take, ni ina riƙe da alƙalami ban rubuta layi uku ba. Da na ce mu tafi, sai ga shi Bobboi ya sa an kawo ƙwaryar kindirmo, su biyun suna sha suna ci gaba da musu. Na yi wata biyar ina zuwa wurin nan duk Asabar, kuma rabin lokacin a raba gardamar tsofaffi biyu ya tafi.

Amma na samu tarihi, wannan kam ba zan yi ƙarya ba. Bobboi ya nuna mini tudun da ya rage na tsohuwar ganuwar ƙasa, ya zagaye barikin ta waje, in ba a nuna maka ba sai ka ɗauka kunyar gona ce. Ya nuna mini inda Jamusawa suka kafa tuta, da rijiyar da suka haƙa a ciki don kada a tsare su da ƙishirwa alhali ruwa yana kewaye da su. Baba ya nuna mini hanyar da suke bi da dutse a ka, da itacen da ake ɗaure wanda ya makara. Ya ce katangar gabas ta zubo ne don mai kula da ginin ya ƙi jin maganar magina, ya ce a ɗora kafin harsashi ya bushe. Bobboi ya ce da yaƙin Turawa ya zo, masu barikin sun fita da sassafe ta mashigi ba su harba ko ɗaya ba, katangar da aka kashe mutane a kanta ba ta tsare kowa ba. Waɗanda suka gaje su suka mai da wurin masauki, daga baya aka mai da shi wurin yi wa shanu allura, daga baya aka bar wa jemagu. Shafi goma sha huɗu na rubuta, na zana taswira, na biya aka buga mini a tafireta.

Wata tara bayan haka amsa ta zo. An yaba wa malam ƙwarai. An ce tun da binciken malam ya nuna wurin yana da muhimmanci irin wannan, kada a kuskura a taɓa ko dutse ɗaya har sai masana sun zo sun gani.

Wato da hannuna na ƙara wa ƙofar sakata. Na karanta wa Baba a hankali, ina taune wasu kalmomin. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ashe ta haihu. Me ta haifa?" Miriyamu da ke tankaɗe a gefe ta kasa riƙe dariya, ta shige ɗaki da rariyar a hannu.

Masana ba su zo ba. Waɗanda suka zo masu jakuna ne. Mubi tana ta girma, kowa yana son harsashin dutse, ga kuma dutse sassaƙaƙƙe a jibge ba mai shi. Da safe sai ka ga jakuna a jere suna fitowa daga barikin, suna wucewa ta gindin allon ƙarfen nan, wani ma a jikinsa yake ɗaure jakinsa. Katangar yamma ta tafi, ta arewa ta bi ta. Wata rana ina koyar da lissafi a sabon ajin da aka gina mana, na dubi ƙasan bango na gane dutsen. Kusurwar gabas kaɗai ta tsira, don gangaren wurin ba ya hawuwa da jaki.

Ta wancan gefen kuma ruwa yana nasa aikin. Duk damina in mayo biyun suka cika suka haɗu, sai su yagi gaɓa su tafi da ita. Taku talatin ya koma ashirin, ya koma goma sha biyu. Baba yana zuwa duk ƙarshen damina ya auna da ƙafarsa, ya dawo ya faɗa mini adadin a gaban abinci. In ruwa ya kai kusurwar, Vandi ya tafi ke nan, ba mai sake ganin ko ƙashi ɗaya. Na sani. Ba sai an faɗa mini ina cin tuwo ba.

Na rubuta wasiƙar ƙorafi a kan masu jakuna, na rubuta wata a kan zaizayar gaɓa. Ephraim ya sa su a fayil.

A 1965 Baba ya kwanta ciwo, ciwon da kowa ya ce na tafiya ne. Ya daina ci, ya daina magana. Aka kira fasto, dangi suka sauko daga dutse, mata suka fara haɗa itacen girkin makoki a bayan gida. Ɗan baffana Kalibu, ɗan Tumba, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, ga ni ga diga. Gobe da safe mu je mu fito da shi, tsohon nan ya huta." Na ce a'a. Na ce akwai wasiƙa a rubuce da sunana a kai, in aka taɓa wurin ni za a kama, aikina zai tafi, 'ya'yana huɗu su ci me? Kalibu ya ce masu jakuna fa? Na ce masu jakuna ba su da fayil. Gaskiya tsoro nake ji, kuma na lulluɓe tsoron da Turanci.

Rana ta huɗu Baba ya buɗe ido ya ce a ba shi kunu. Ya sha kofi biyu, ya dubi taron dangi ya ce su koma gonakinsu, shi bai ga wurin kwanciya ba tukuna. Haka ya yi mana sau uku cikin shekara huɗu. A na ukun dangi ba su ma sauko ba, suka aiko a tambaya ko da gaske ne. Raina yana ɓaci da shi, yana ɓaci da ofis, yana ɓaci da jakuna. Miriyamu ta ce mini wata rana, "Malam, kai kaɗai ne a garin nan kake jin tsoron allon nan, don kai kaɗai ka tsaya ka karanta shi." Na ce mata ba ta san yadda gwamnati take aiki ba.

Aka yi jihohi, aka ce duk fayilolin irin nawa an kwashe su zuwa Maiduguri. Ga yaƙi ana yi, ba mai ta tsohon bariki. Na rubuta sau shida ba amsa. Da bazarar 1969 Baba ya je ya auna da kansa, a kan jakin Bobboi don ƙafa ta daina kai shi, ya dawo ya ce taku uku. Wannan karon bai faɗa a gaban abinci ba, kuma bai tambaye ni takarda ba. Washegari na nemi hutu na hau babbar mota.

Kwana uku na yi ina yawo daga wannan tebur zuwa wancan kafin a tura ni wani ɗaki a ƙarshen baranda, wurin wani dattijon akawu mai suna Abdulƙadiri. Tabaraunsa da zare aka ɗaure. Ya saurare ni bai katse ni ba, ya tashi ya shiga cikin tarin takardu, ya fito da fayil ɗina. Ya yi kauri, har na ji wani banzan alfahari. Ya karanta tarihin da na rubuta tun daga farko har ƙarshe, ya ce ya ƙaru. Sannan ya jawo wani dogon littafi, ya bi shi da yatsa shafi shafi, ya rufe.

"Malam Andrawus, wurin nan ba ya cikin jerin wuraren da aka kare. Bai taɓa shiga ba."

"To allon fa?"

Ya koma cikin fayil ɗin, can ƙasa, ya zaro wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa. Wani Baturen likitan dabbobi ne ya sa a kafa allon, lokacin da ake allurar shanu a wurin, don ana sace masa kwanon rufi da sandunan shinge. Baturen ya bar ƙasar tun ina aji uku.

"Wasiƙar da ta ce kada a taɓa fa, sai masana sun zo?"

"Wani ne ya karanta shafi goma sha huɗu ya tsorata," in ji shi. "Ba a aika wa masana komai ba. Ga kwafin nan, ba adireshi."

Na ce to yanzu ya ba ni izini a rubuce. Ya ce ba zai iya ba da izini a kan abin da ba nasu ba. Na ce to ya rubuta cewa ba nasu ba ne. Ya ce wannan sai an buɗe sabon fayil. Ya cire tabarau ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya faɗi jarrabawa mai sauƙi.

"Ɗana, shekara goma wa ya tare ku a bakin wurin?"

Amsar tana zaune a kan kujerarsa ta baƙi da jaka a cinya.

A hanyar dawowa hadari ya haɗu ta gabas, ruwan farko ya sauka muna tsakanin garuruwa. Motar ta kafe sau biyu. Ina zaune a kan buhunan gishiri ina lissafin taku uku, ina zagin kaina da yare uku.

Na iso da hantsi na sami Baba a ƙarƙashin darbejiya. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba, ban gyara ba. Na shirya wa zagi, har na fi son ya zage ni. Sai kawai ya ce, "Diga biyu. Maza biyu."

Washegari da sassafe muka tafi, ni da Kalibu da diga, Miriyamu da farin zane sabo da ta ajiye tun shekarar da Baba ya fara ciwo. Bobboi ya aiko da jaki aka ɗauki Baba, shi kuma ya tsallako mayo da sandarsa ya same mu a can. Ruwan ya riga ya yi ja, yana lasar gindin gaɓa. Muka zaunar da tsofaffin biyu a kan wani dutse, muka fara sauke kusurwar daga sama. Ni da ban saba da diga ba, kafin rana ta ɗaga tafin hannuna ya fashe. Ba wanda ya zo ya hana mu. Wani mai jaki ma ya tsaya ya tambaya ko za mu bar masa duwatsun.

Baba ya yi gaskiya, aikin safiya ɗaya ne. Kafin azahar muka kai harsashi. Kalibu ya ajiye diga ya koma tono da hannu, can sai ya tsaya ya ce, "Ga shi." Ƙoƙon kai ne, ya yi launin ƙasar wurin. Miriyamu ta shimfiɗa zane. Na ji hawaye ya zo mini, na juya zan ce wa Baba an gama.

"Dakata," in ji Kalibu. Hannunsa yana cikin ramin har yanzu.

Ya fito da na biyu. Ya share ƙasa gefe, ga na uku. Muka ci gaba da tono har muka jera biyar a kan zanen, sauran ƙasusuwan kuwa a cakuɗe suke, an zuba su ne kan juna. Mutumin da ya kawo wa Baba labari ya faɗi na ƙauyenmu ne kawai, sauran ba nasa ba ne balle ya ƙirga.

Bobboi ya cire hularsa ya mayar, yana motsa baki a hankali. Ni kuwa, Allah ya shirye ni, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Wannan kam sai mun sanar da..."

"Andrawus," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce a kawo shi kusa. Muka ɗauke shi ni da Kalibu muka zaunar a bakin zanen. Ya daɗe yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Na san abin da yake nema, na kuma san ba zai samu ba. Saurayi ɗan shekara ashirin ya bari a nan, mai faɗin kafaɗa da son dariya, ba abin da ya rage da zai nuna shi.

"Baba, wanne ne?" Kalibu ya tambaya a hankali.

Baba ya miƙa hannu ya dafa na farko. "Vandi," ya ce. Ya dafa na biyu ya sake cewa, "Vandi." Haka ya bi su har biyar, yana kiran sunan da muryar da ake tashin mai barci. Sannan ya ce a naɗe zanen.

"Duka?" na ce. "Baba, gurbi ɗaya ne."

"A faɗaɗa shi. Shekara sittin yana kwance da su, ba zan raba su yau ba. Su ma ba wanda ya zo nemansu."

Bobboi ya ce wataƙila ɗaya nasu ne, don an kwashi wani ƙanen uwarsa aikin nan bai dawo ba. Baba ya dube shi ya ce in yana so ya zaɓa. Bobboi ya girgiza kai. "Ku kai shi kan dutse," in ji shi. "Ya sha ruwa ya isa."

Muka hau da su ranar Juma'a. Dattawan gida suka yi gardama kwana ɗaya cur, wasu suna cewa ba a taɓa sa baƙo a cikin layi ba. Baba ya ce duk wanda ya iya nuna masa baƙon a cikin biyar ɗin ya fitar da shi. Ba wanda ya iya, aka faɗaɗa ramin.

Bai yarda ya sake saukowa Mubi ba. Kwana goma sha tara bayan haka ya rasu da rana tsaka, yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ba ciwo ba kiran fasto. Da muka zo haƙa nasa sai muka ga na huɗun ya ci rabin wurinsa. Kalibu ya ce mu matsa gaba kaɗan. Na ce a'a, mu haƙa a nan, ko da a matse ne. Muka kwantar da shi a ɗan abin da ya rage, kafaɗarsa tana jingine da bangon kabarin wansa.